Wai ɗan tsiro ya ninka ɗan Adam ADN sau 50? Gardama ta kaure a zauren 'yan Damagaram

Ɗalibar Jami'a: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ga abin da aka koya mana yau a aji. Akwai wani ɗan tsiro a tsibirin Sabuwar Kaledoniya, cikin tekun Fasifik, daga dangin tsirran nan marasa fure da ake ce wa fujer da Faransanci. Sunansa na kimiyya Tmesipteris oblanceolata. A 2024 masu bincike daga lambun Kew na Landan da cibiyar nazarin tsirrai ta Barsalona suka sanar cewa ADN ɗinsa, wato rubutun gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta, ya kai haruffa miliyar 160. Na mutum miliyar 3 ne da ɗoriya, wato ya ninka namu kamar sau 50. In aka warware zaren da ke cikin ƙwayarsa ɗaya zai haura mita 100, namu kuwa mita 2 ne.

Alhajin Zango: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, wannan zance bai shiga kaina ba. Allah ya karrama ɗan Adam, sannan a ce ciyawa ta ninka shi sau 50? Kuma tsibirin nan ai a hannun Faransa yake. Ni labarin da ya biyo ta can sai na sa masa rariya.

Mushe na Birni: Alhaji, ba sai mun je Fasifik ba. Shiga madafa ka ɗauko albasa. ADN ɗinta ya ninka naka kamar sau 5. Alkama ma haka. Shinkafa kuwa ba ta kai rabin miliyar ɗaya ba, amma ba wanda ya taɓa cewa albasa ta fi shinkafa daraja saboda haka.

Alhajin Zango: To albasar Galmi ta fi ni ke nan, Mushe?

Mushe na Birni: Ta fi ka yawan takarda, ba ta fi ka karatu ba. Yawancin abin da ke cikin irin wannan dogon ADN maimaici ne, layi ɗaya an kwafe shi sau dubbai. Mu kanmu, ɓangaren da ke ɗauke da umarnin gina furotin bai kai kashi 2 cikin 100 na ADN ɗinmu ba. Su kuma fujer suna da wata ɗabi'a: sukan ninka kayan gadonsu gaba ɗaya, kuma ba su cika zubar da rarar ba. Akwai wani mai suna Ophioglossum reticulatum da aka ƙirga masa kuromozom, wato dammunan da ADN ke naɗe a ciki, fiye da 1,200. Namu 46.

Alhajin Zango: Tsaya. Haruffa miliyar 160 ɗin nan, wa ya zauna ya karanta su?

Ɗalibar Jami'a: Gaskiya Baba, ba a karanta su ɗaya bayan ɗaya ba. Ana yayyanka ganyen ne, a sa wani rini mai kama ADN, a wuce da ƙwayoyin ta gaban haske cikin na'ura, sai a gwada ƙyallinsu da na wani tsiron da aka riga aka san girman nasa.

Alhajin Zango: Yauwa! Ashe kintace ne.

Mushe na Birni: Awo ne, Alhaji. In ka sayi gero tiya goma a Kasuwar Dole, kana zaunar da mai gero ya ƙirga maka ƙwaya? Ka yarda da tiya saboda ka san cikinta. Inda kake da gaskiya shi ne, awo ba ya faɗa mana abin da aka rubuta a ciki. Wannan aikin yana nan gaba, kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Baba Mai Magani: Jikana ne ke rubuta mini. Wannan fujer da kuke ta faɗa, in ce ko dangin agugu ne? Saiwa ce da ake kawo mana busassa, tun zamanin mahaifina ana bayar da ita don tsutsar ciki.

Mushe na Birni: Danginsa ne, Baba. Turawa ma sun daɗe suna amfani da shi kafin magungunan zamani. Sai dai yana da dafi, in ya yi yawa har ido yake taɓawa, shi ya sa likitoci suka bar shi.

Ɗan Mirya: Ni ba ADN ne ya dame ni ba. Na ji an ce ba ya fure. To da me yake haihuwa? Shekara 30 ina lambu, ko rogo da muke dasa itacensa na ga furensa.

Mushe na Birni: Nan ne daɗin zancen. In ka juya bayan ganyen yawancinsu za ka ga ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a jere, kamar an ɗiɗɗiga lalle. Ƙura ce a ciki mai laushi kamar kwalli. In ta faɗi wuri mai danshi ba fujer take tsirowa ba, sai wani ɗan koren abu shimfiɗaɗɗe da bai fi farcen yatsa ba. A jikin wannan ne ake samun ƙwan mace da ƙwayoyin namiji, kuma ƙwayoyin namijin iyo suke yi cikin ruwa har su kai ga ƙwan. Daga nan ne tsiron da muka sani yake fitowa. Wani Bajamushe, Wilhelm Hofmeister, shi ya warware wannan zagaye a 1851. Gero iska ke kai masa garin fure, shi kuwa wannan dole sai da ɗigon ruwa.

Ɗan Mirya: Ashe ba abin ƙasarmu ba ne. Mu da ruwan sama na wata uku.

Ɗalibar Jami'a: Akwai shi fa, Kawu. Ka san ɗan tsiron nan na bakin tafki da damina, mai ganye huɗu a kan siririn kara, wani lokaci yana kwance a kan ruwa? Marsilea ke nan. Ƙurarsa tana cikin wani ɗan ƙoƙo mai tauri kamar ƙwayar wake, yana iya yin shekaru cikin busasshen laka, sai ruwa ya dawo ya jiƙa ya buɗe.

Ɗan Mirya: Kai! Na sha taka shi a hanyar Gidimuni. Ni duk a ciyawa na ɗauke shi.

Hajiya ta Sabon Gari: Ku yi haƙuri da katsalandan. Wanda yaran nan ke nomawa a kwandon roba don kaji, azola, shi ma an ce fujer ne. Ba kainuwa ba ce?

Mushe na Birni: A'a Hajiya, kainuwa tana fure, ƙanƙane ne kawai ba a lura da shi. Azola fujer ne na gaske. An karanta ADN ɗinsa a 2018, bai kai miliyar ɗaya ba, kuma cikin 'yan kwanaki yake ninka kansa ya rufe ruwa. A cikin ganyensa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani masu jawo sinadarin azot daga iska, don haka manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka daɗe suna yin taki da shi. Ka gani Alhaji, dogon ADN kaya ne a ka. Duk sanda ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe shi duka, kuma ginin nasa na cin azot da fosfor, irin waɗanda muke saye a buhun takin zamani. Tsirrai masu irin wannan lodi ba su cika saurin girma ba.

Alhajin Zango: Na ji zancen albasa, na kuma ji na tiya. Amma ku daina cewa "ya fi mutum". Ku ce ya fi mutum tarkace. Sauran kuma sai ranar da suka karanta suka gaya mana abin da ke ciki.

Ɗalibar Jami'a: Ni "ya ninka" na ce, Baba, ban ce "ya fi" ba.

Ɗan Mirya: Mushe, in ruwa ya sauka zan ciro mai ganye huɗun nan da lakarsa in kawo maka lakwal. Ina so in ga ƙoƙon nan yana buɗewa da idona.

Mushe na Birni: Ka kawo busasshen ƙoƙon ma ya isa. Za mu ɗan kankare gefensa da reza mu jefa cikin kofin ruwa, ka zo da safe don ka samu lokacin zama.