Ina zan samu ma'aunin abincin yaran makaranta?

Maman Khadija: Assalamu alaikum. An saka ni a kwamitin iyaye masu sa ido kan abincin rana a makarantar yarana, kuma abin da na gani ya tsaya mini a rai. Masu girkin suna iya ƙoƙarinsu, amma kullum hatsi ne ke cika kwano, ganye da abin gina jiki sai an tona. In na yi magana sai a ce "ai yaran suna ƙoshi". Don Allah akwai takardar hukuma da zan riƙe in shiga taro da ita? Ba na so a ce ra'ayina ne kawai.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki fara da ma'aikatar lafiya ta ƙasarku. Ƙasashe sama da 100 suna da jagorar abinci tasu, kuma hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta tattara su a shafinta na intanet. Idan taku ba ta yi bayanin yara sosai ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa ɗan shekara 6 zuwa 9 yana bukatar aƙalla giram 350 na ganye da 'ya'yan itace a rana, daga shekara 10 kuma giram 400.

Anti Nas: Maman Khadija, ki lura, lissafin da Malam ya kawo na yini guda ne, har da abincin gida. Kika kai shi taro haka, za su ce kin zo da abin da ba zai yiwu ba. Ma'aunin kwano ɗaya za ki nema. Indiya ta yanke wa ɗan firamare kalori 450 da giram 12 na sinadarin gina jiki a abincin rana. Wanda ya fi mini sauƙin nuna wa masu girki shi ne hoton faranti da Amurka ta fitar a 2011, MyPlate: rabin farantin ganye da 'ya'yan itace. Mai riƙe da ludayi ba ta da sikeli, amma ta san rabin kwano. Kuma ki zauna da su kafin taron, kada su ji kamar ƙara kika kai su.

Baba Audu: 'Yata, ki tambayi nawa ake warewa kowane yaro, domin maganar can za ta koma. A Brazil, a 2009 an yi doka, wadda a lokacin ta ce aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin ciyar da 'yan makaranta da gwamnatin tarayya ke bayarwa a sayi amfanin ƙananan manoma da shi. Ki bincika ko tsarinku ya ba da irin wannan dama.

Maman Khadija: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara zama da masu girkin, sannan in nemi shugaban makaranta ya nuna mana kasafin.