Wane ayon ɗin golf ne ya dace da mai matsakaicin bugu? A taimaka da shawara

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wurin manya. So nake in canza setin ayon ɗina, wato sandunan golf masu kan ƙarfe da lamba a jiki, wanda ke hannuna yanzu yayana ne ya bar min, kawunan sirara ne sosai, ƙotar kuma ƙarfe ce mai nauyi an rubuta S a jiki, alamar mai tauri. An auna min bugu da na'ura, direba (sandar bugun nesa) na kai gudun wajen mil 90 a awa, ayon lamba 7 kuma 75 haka, kun ga ba ƙarfi ne da ni na a zo a gani ba. Damuwata ƙwallon ba ta tashi, ƙasa-ƙasa take fita, in ta sauka a girin, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ramin yake, sai ta yi ta gangara har ta fice ta baya, lamba 4 da lamba 5 kuwa kusan wuri ɗaya suke faɗuwa. Wanne kuke gani zan saya?

Mai Nisa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kar ka wahalar da kanka, je ka ɗauki irin na zamanin nan masu faɗin gindi, Stealth ko G430 ko makamantansu, wlh ranar farko za ka ga lamba 7 ɗinka ta ƙara nisa sosai. Ni tunda na canza nake wuce abokan wasana.

Injiniya: Mai Nisa ka bi a hankali, kar ka kai yaron nan ka baro shi. Nisan da ka gani ba daga sama ya faɗo ba, fuskar sandar aka miƙar. Kwanciyar fuskar lamba 7 ta da digiri 34 zuwa 35 ce, ta yanzu a irin waɗannan seti 28 ko 29 ce, wasu ma 27, wato lamba 5 ko 6 ce ta da aka buga mata hatimin 7 a gindi. Gaskiya ne sun zuba tungsten a ƙasan kai don nauyin ya sauka ƙwallo ta tashi, fuskar kuma siririya ce tana tunkuɗa ƙwallo da sauri, amma duk da haka miƙaƙƙiyar fuska gudu take so kafin ta ɗaga ƙwallo. Shi kuma malamin nan kukansa ƙwallo ba ta tashi kuma ba ta tsayawa, in ka ba shi digiri 28 a mil 75 ai ƙara masa ciwon ka yi.

Mai Nisa: To Injiniya ai nisa shi ne wasan, ko kuwa?

Injiniya: Da direba, eh. Ayon kuwa aikinsa ya ajiye ƙwallo inda ka nufa ta zauna. Sabon Shiga in ka koma gaban na'urar bar kallon jimillar nisa, nemi abu uku: nisan da ta yi a sama kafin ta taɓa ƙasa, juyawarta, da kusurwar da take saukowa. Masu yi wa mutane awo yawanci suna so saukowar ta kusanci digiri 45, in tana zuwa a 37 ko 38 to gangara za ta yi ko wane kamfani ne ya ƙera sandar. Juyawa kuma a lamba 7 in ta faɗi ƙasa da 5,000 a minti a irin gudunka akwai matsala. Ka duba alƙaluman da Trackman, kamfanin na'urar awon bugu, ya fitar na ƙwararru, mazan gasannin PGA suna wurga lamba 7 a wajen mil 90, shi ya sa tasu ke hawa sama ta sauko kusan a tsaye, digiri 50 haka. Ƙwararrun matan gasannin LPGA kuwa wajen mil 76 ne, tana yin yadi 140 haka a sama, direbarsu wajen 94. Kai da su kusan gudunku ɗaya, jakarsu ya kamata ka leƙa ba ta Rory McIlroy ba, kuma za ka tarar da yawansu haibirid ne (sandar da ke tsakanin ayon da katako) da katako masu lamba sama suka cike gurbin dogayen ayon.

Hajiya Bahaguwa: Allah ya saka Injiniya, maganar nan ta ƙarshe ita maza ba sa son ji 😂 Ƙanena ni shawarata ma kafin ka yi zancen kai fara da ƙota. Irin wadda ka kwatanta in Dynamic Gold ce ko 'yar'uwarta to giram 130 kake ta ɗagawa, ramuka 18, kafin ka kai na 14 hannu ya mutu bugun ya fara karkacewa. Akwai ƙarfe mara nauyi kamar N.S. Pro 950GH, giram 95 haka, akwai kuma girafait daga 60 zuwa 80 da wani abu. Ni girafait nake riƙewa saboda gwiwar hannuna, in ka daki ƙasa da ƙarfe za ka ji girgizar ta hau har kafaɗa, girafait kuwa shanye ta yake.

Baba Mai Ritaya: Hajiya girafait ai namu ne mu tsofaffi, yaro mai jini a jika me zai yi da shi.

Hajiya Bahaguwa: Haba Baba, ai wannan zancen ya tsufa. Bryson DeChambeau da ƙotocin girafait a ayon ɗinsa ya ci US Open a 2020, shi ma tsoho ne? Matt Kuchar ya daɗe yana buga SteelFiber, ƙotar girafait mai zaren ƙarfe. Na yanzu ba irin na da ba ne mai lilo.

Baba Mai Ritaya: To na ji, na sallama. Amma bari in ce wani abu ɗana, kar rashin nauyi ya ruɗe ka ka ɗauki wadda ta fi kowacce sauƙi a hannu. Mutumin da ya saba da giram 130 in ka miƙa masa 55 lokaci ɗaya sai ya daina jin inda kan sandar yake, hannu ya riga jiki, yau hagu gobe dama. A sauko a hankali, ka gwada 95, ka gwada 80, inda ka ga tabon ƙwallo na taruwa a tsakiyar fuska nan za ka tsaya. Ka shafa alli ko ka fesa hodar ƙafa a fuskar, kowane bugu zai bar maka shaida, ba sai kowa ya faɗa maka ba.

Sabon Shiga: Na gode Baba. To batun harafin fa, R zan koma, mai matsakaicin tauri, ko in zauna a S? Wani ya ce min komawa R ci baya ne.

Koci: Wanda ya faɗa maka haka shi zai buga maka? A gudunka R ce wurin farawa. Sai dai ka sani harafin nan L, A, R, S, X babu wata hukuma da ta ƙayyade shi, kowane kamfani da ma'auninsa, R ɗin wani ta fi S ɗin wani tauri, don haka harafi jagora ne kawai. Kuma ba gudu kaɗai ake dubawa ba, har da yadda kake juyowa daga sama, mai fizga da ƙarfi yana iya buƙatar ƙota mai ɗan tauri ko da gudunsa bai kai ba, mai saukowa a natse kuma taushi ya fi masa.

Batun kai kuma ina tare da Injiniya amma ba zan ce ka guji masu faɗin gindi ba, su ne ma naka. Abin da kake riƙe da shi biled ne, wato siririn kan da ba a rarake bayansa ba, nauyinsa duk a bayan tsakiya yake, in ka kuskure kaɗan ya hukunta ka. Karsten Solheim, injiniyan da ya kafa Ping, shi ya yaɗa dabarar rarake bayan kai a tura nauyin gefe-gefe don kar sandar ta murɗe in ƙwallo ta taɓa baki ko dunduniya, Eye2 ɗinsa na 1982 har yau ana ganinsa a jakunkuna. Duk na yanzu a kan wannan tunanin suke. Abin da za ka nema shi ne mai yafiya ɗin amma wanda fuskarsa ba ta miƙe da yawa ba. Kamfanonin ma sun gane, shi ya sa suke fitar da masu HL a suna, wato na ɗaga ƙwallo sama: Mizuno na da JPX Hot Metal HL mai lamba 7 wajen digiri 31, TaylorMade da Callaway su ma suna da nasu HL ɗin. Ping kuma za ka iya yin odar kai ɗaya a kwantar maka da fuskar, suna ce masa retro spec. XXIO kuwa gaba ɗaya sana'arsu sanduna marasa nauyi ce don masu matsakaicin gudu da ƙasa da haka.

Mai Nisa: Koci amma fa zai rasa yadi goma a lamba 7, ku faɗa masa gaskiya.

Koci: Sai ya zaro lamba 6, ai ba a rubuta lambar sanda a katin maki. Kuma ba lallai ya rasa ba, mai gudun 75 sau da yawa in aka ƙara masa kwanciyar fuska nisan sama ƙaruwa yake, don da ƙwallon faɗowa take tun ba ta gama tafiyarta ba. Wannan ne ma dalilin da 4 da 5 ɗinsa ke sauka wuri ɗaya.

Hajiya Bahaguwa: Yauwa, shi ya sa kar ka sayi cikakken seti daga 4. Fara daga 6, ko 5 in ka ga tana ba ka tazara, sauran ka sa haibirid. Doka sanda 14 ta yarda da su a jaka, ba ta ce dole sai da lamba 4 ba. Tsakanin kowace sanda da ta kusa da ita kana son yadi 10 zuwa 12 haka, duk inda tazarar ta matse to nan ayon ya ƙare maka. Kuma kar kunya ta hana ka, Y.E. Yang da haibirid ya aika ƙwallo kusa da tuta a rami na ƙarshe ya doke Tiger Woods a gasar PGA ta 2009.

Injiniya: Ƙarin bayani kan ƙasan jakar, tunda an yi na sama. In fichin wej ɗin sabon setin, wato sandar da ke bin lamba 9, digiri 42 ko 43 ce, kai kuma sandar yashinka 56, ka ga rami ya buɗe na digiri 13 ko fi, a nan za ka tsinci kanka yadi 90 daga tuta ba sandar da ta dace. Nemi wej ta tsakiya, 48 ko 50, wasu setin ma sai biyu. A lissafa wannan tun kafin a biya.

Baba Mai Ritaya: Akwai wanda ba ku taɓo ba, zaman gindin sanda a ƙasa. In bakin ya ɗaga sama lokacin bugu mai dama zai ga ƙwallo na zuwa hagu, in dunduniya ce ta ɗaga sai dama, mutum ya yi ta zargin hannunsa alhali sandar ce ba ta dace da tsawonsa ba. Ɗigon launi da ke jikin Ping ai na wannan ne, tun 1972 suke yi. Setin yayanka an yi shi ne a kan jikin yayanka. Ni na taɓa sayen wani seti a hannun wani dogo, ba irin gyaran tsayuwar da ban yi ba, sai da aka lanƙwasa min wuyansu sannan na samu lafiya. Kuma ka tambaya kafin ka saya, wanda aka ƙera da duka yana lanƙwasuwa cikin sauƙi, na zubi kuwa ya fi gardama.

Sabon Shiga: Kai Allah ya bar zumunci, na ƙaru ƙwarai. Tambaya ta ƙarshe, wurin da zan je awon a ɗaki ne kan tabarmar roba, hakan ya wadatar?

Koci: Ya fi babu nesa ba kusa ba, amma tabarma tana rufa asiri, in ka daki ƙasa kafin ƙwallo sandar zamewa take ta ba ka bugu mai kyau, a ciyawa kuwa da ƙwallon ba ta je ko'ina ba, kuma alƙaluman juyawa kan ɗan sauka a kanta. Tafi da lamba 7 ɗinka ta yanzu a fara da ita don a samu abin kwatance, ka tafi da irin ƙwallon da kake wasa da ita, ta filin atisaye ba ɗaya suke tashi ba. Kar ka bari a goge munanan bugun a bar masu kyau kawai, munanan su ne za su nuna wanne kai ke yafe maka. In suna da lamba 5 ta gwaji roƙe su ka buga ta, a nan za ka san inda setin zai fara.

Mai Nisa: In ka dawo ka turo mana hoton allon na'urar, ina so in ga kusurwar saukowar nan da ake ta yi min gori a kai, nawa ma ban taɓa dubawa ba.

Sabon Shiga: In sha Allah zan turo, na R da na girafait duka.