Abin da masu sana'a suka ce kan injin huda na tsaye

Da aka tattauna tsakanin masu walda da kafintoci kan injin huda na tsaye, wato wanda ake girkawa wuri guda da teburin ɗora aiki, maganar da ta fi yawa ita ce ta ɗaure aiki. Kada a riƙe ƙarfe da hannu. Idan bakin hudar ya kusa fita ta ƙasa yakan cije, sai ƙarfen ya juya da ƙarfi ya yanki yatsu, musamman falle mara kauri. A matse shi a kan teburin tukuna. Safar hannu ma an hana, haka hannun riga mai faɗi, domin injin na iya naɗe su.

Batun gudu ya jawo musu. Wasu ba sa taɓa bel ɗin da ake canza gudu da shi tun ranar da suka sayi injin, kuma a ganina lalaci ne kawai. Babban baki da ƙarfe mai tauri suna son gudu kaɗan da ɗigon mai, katako kuwa yana ɗaukar sauri. Bakin da ya yi shuɗi ya ƙone ke nan.

Kafin babban rami, a buga alama a fara da ƙaramin baki. Sannan a cire makullin da ake ɗaure bakin da shi kafin a kunna.