Tsohuwar jif ko salun ta baya-bayan nan: wacce ta fi kare yara?

Maman Biyu:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ba ni shawara. Za mu sayi mota ta hannu, mun tsaya a kan guda biyu: jif ƙirar 2004 da salun ƙirar 2014. Maigida ya kafe sai jif, wai in aka yi karo babba ce ke tsira. Ni ce zan fi tuƙa ta, da yara biyu a baya, ƙaramin bai cika shekara biyu ba. Ni kuma na sha jin cewa jif saurin kifewa gare ta. Maganar wa za a ɗauka?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Hajiya. Maigida yana da gaskiyarsa. In mota mai nauyi ta yi taho-mu-gama da marar nauyi, ƙaramar ake hankaɗawa baya, kuma jikin na cikinta ne ke shan bugun. Shi ya sa masu gwajin motoci irin su Euro NCAP ke cewa kada a kwatanta sakamakon karon gaba sai tsakanin motoci masu kusan nauyi ɗaya.

Sai dai ba kowane haɗari ne karo da wata mota ba. Ki ɗauka wani abu ya faɗo miki titi, kika fizgi sitiyari hagu, kika maido shi dama. Salun tana ƙasa, galibi sulɓewa za ta yi ta juya. Jif nauyinta yana sama, tayoyin gefe ɗaya kan iya ɗagawa, in ta ci karo da gefen titi ko ƙasa mai taushi sai adungure. Abin da ya rage wannan matsala sosai wata na'ura ce, ESC, wadda ke taka wa kowace taya birki daban da zarar ta ji mota na shirin ƙwacewa. Toyota na kiranta VSC, Honda VSA. Amurka ta wajabta ta a kan motoci ƙirar 2012 zuwa sama, Tarayyar Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga ƙarshen 2014. A 2004 wasu jif na da ita, da yawa babu. Ki murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba, ki duba ko hoton mota mai layuka biyu a karkace a ƙarƙashinta zai haska ya mutu. In babu, ni ba zan sa yara a ciki ba.

Abban Yara:
Ni dai jif nake hawa, kuma ba na komawa ƙarama. Kana sama kana hango komai, ƙananan motoci na ba ka hanya. Hankalina a kwance yake.

Tsohon Direba:
Alhaji, kwanciyar hankalin nan ita ke sa mutum ya shiga kwana da gudun da bai kamata ba. A jif ba ka jin gudu, kuma in ka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata ta ninka har huɗu. 'Yata, ki duba taya kafin fenti. A shekarar 2000 sai da aka janye miliyoyin tayoyin Firestone a Amurka, bayan da suka riƙa ɓarewa a kan gudu, motocin jif ƙirar Ford Explorer na kifewa da mutane. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ko zanenta bai cinye ba, tsohuwar roba tsohuwa ce. Kuma duk kayan da aka lafta a kan rufi ƙara mata saurin kifewa yake.

Anti Nas:
Kowa na maganar na ciki, ba wanda ya tuna na waje. 'Yar uwa, yaronki mai shekara biyu in ya tsaya daf da bayan jif ko gabanta, ba za ki gan shi ba ko kaɗan. Saboda irin haka Amurka ta wajabta kyamarar baya a sabbin motoci daga Mayun 2018. Binciken da IIHS, wata cibiyar nazarin haɗurran mota ta Amurka, ta yi a 2023 ya nuna motocin da tsayin gabansu ya haura kusan mita ɗaya sun fi masu gajeren gaba mai gangara haddasa mutuwar mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin 100. Salun ƙafa take buga wa babba, jif ƙirji, yaro kuwa kai. Sannan kowacce kuka saya, ƙaramin ya zauna a kujerar yara mai kallon baya, a kujerar baya, ba a cinya ba. Kada a taɓa ɗaura irin wannan kujera a gaba inda jakar iska ke aiki.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Injiniya, to in muka tarar jif ɗin tana da na'urar fa?

Injiniya:
Ta rage laifi ɗaya, saura biyu. Ki duba saman tagogi ko akwai alamar jakar iska ta gefe, wadda ke saukowa ta tare kai. Sai ƙarfin rufi: a 2009 Amurka ta tsaurara ƙa'idarsa, jif ɗin 2004 an ƙera ta kafin nan, kuma ita ce ta fi buƙatarsa. Da jif ɗin ma ta 2014 ce, da na goyi bayan maigida. A tsakanin waɗannan biyu kam salun zan ɗauka, da sharaɗin makaniki ya sa mata kwamfuta ya tabbatar jakunkunan iskarta suna nan. Wasu motocin hannu sun taɓa haɗari, aka rufe wurin babu komai a ciki, aka kashe fitilar gargaɗin don kada mai saye ya gane.