Maganin gyambon baki ya ƙi zama a bakin Mama

Assalamu alaikum. Likitoci, don Allah ku taimaka. Mahaifiyata na fama da gyambo a cikin kumatu da dasashi, kewaye da wasu fararen zane-zane. Likitan haƙori ya ce ba cutar da ake ɗauka ba ce, garkuwar jikinta ce ke yaƙar fatar bakin. Ya rubuta mata man sitirod na shafawa (maganin rage kumburi), amma da an shafa sai yawu ya wanke shi. Yaji ta daina ci, tuwo ma da ƙyar. Yanzu kuma wani farin abu kamar kindirmo ya fito mata a harshe. Maganin ne ya jawo? Mu dakata da shi kafin ranar komawa asibiti? Ko ƙwayar Betnesol da ake narkawa a kurkure baki za ta fi mata?