Neman shawara: Ina son kai keke Argungu, in sayar da na Baba ko in riƙe shi?

Ɗan Badariya:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 na jingine babur, na kakkaɓe keken mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya daɗe a zaure kaji na kwana a kansa. Baƙin keke ne irin na da, mai birkin ƙarfe, taya inci 28, babu giya. Da farko wurin aiki kawai nake zuwa da shi. To abu ya zama jiki, yanzu duk Asabar bayan asuba nakan je Kalgo daga Birnin Kebbi in dawo, wayata tana nuna kilomita 30 da 'yan kai.

Burina in kai Argungu, wajen kilomita 50, in kwana gidan gwaggona, washegari in juyo. Makon jiya na gwada, na sha kashi. Ban fita ba sai ƙarfe tara. Ina wuce Ambursa iska ta tare ni kamar ana tura ni baya, gwiwar dama ta fara zafi, wurin zama kuwa ba a magana. Gorar ruwa ɗaya na riƙe, ta ƙare. Can gaba tayar baya ta sace. A bayan a-kori-kura muka dawo, ni da keken da buhunan shinkafa.

Na ga wani sabo a kasuwa, mai giya 21 da sifirin gaba da baya, yana ta ƙyalli. In sayar da na Baba in cika in saya? Ko akwai wanda ya fi shi?

Mai gyaran keke, Jega:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wanga mai ƙyalli da ka gani, bar shi inda ka gan shi. Irinsu anka fi kawo mani gyara. Sifirin na baya, in mai araha ne, duk taka fedar da ka yi sai ya lotsa ya shanye rabin ƙarfinka, ga nauyi, ga ƙara bayan wata ukku. Kwalta za ka bi, mi za ka yi da sifirin?

Kafin maganar saye ma, ciwon gwiwar nan ina zargin sirdi ne. Baba ya daidaita shi da tsawonsa, kai kuma ka hau hakanan. Jingina da bango, ka zauna bisa sirdi, ka ɗora diddige kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe sak, daidai ne. In gwiwa ta lanƙwashe, ɗaga sirdin. Mutanenmu sun saba son ƙafa ta taɓa ƙasa suna zaune, shi ke kashe gwiwa a doguwar tafiya.

In za ka saya, nemi na gwanjo mai kyau, wanda ba ya da sifirin baya, mai taya inci 26, don tayarta da tib ɗinta ko a ƙauye ana samu. Ka tsaya a kansa ƙafa biyu a ƙasa, sandar tsakiya kada ta taɓa ka. Ka ɗaga kowace taya ka juya ka ga ko gargaren na rawa. Ka kama tayar ka girgiza gefe da gefe, in tana kaɗawa boris ya tafi. Ka duba haƙoran giya, in sun yi tsini kamar ƙaya sun cinye, sabuwar sarƙa ma tsalle za ta riƙa yi a kansu. Ka hau ka canza giya ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. In kayan giyar na kamfanin Shimano ne ka huta, ana samun na canji. Kuma kada lambar 21 ta ruɗe ka, faranti 3 ne gaba, 7 baya, a hanyoyinmu da wuya ka yi amfani da rabinsu.

Abu guda da ake mantawa: bakin tib. Nemi mai bawul irin na babur, kowane mai faci a bakin hanya zai ba ka iska. Siririn nan na kekunan tsere sai da ɗan maƙalin da ake ɗaura masa.

Na Gwandu:
Ni na taɓa ƙonewa, bari in ƙara a kan maganar Malam. Na sayi na gwanjo jikin alminiyom, mara nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaga shi. Ashe akwai tsaga ƙarƙashin wurin da sandar sirdi ke shiga, an liƙa sitika a kai. Sati biyu ta buɗe. Na kai wa mai walda ya ce wutarsa ta ƙarfe ce, alminiyom sai injinsa na daban. Har yau yana rataye a shago. Ka ɓamɓare duk sitikar da ke kusa da mahaɗa, ka shafa da yatsa. In mai kaya ya hana, yi gaba.

Malamin makaranta, Argungu:
Keken bai yi maka laifi ba, lokaci ne da iska. Hunturu daga arewa maso gabas yake busowa, Argungu kuma ta wannan fuskar take daga Birnin Kebbi, ka ga kenan tun daga gida har kogin Matan Fada na Argungu kana karo da shi. Da sassafe iskar tana kwance, sai hantsi ta tashi. Ka fita da an sallame asuba gari ya fara haske. In kana cin kilomita 15 a awa, da hutawa biyu, awa huɗu ta kai ka. Dawowa kuwa daɗi za ka sha, iskar a bayanka take.

Amma daga 30 zuwa 50 tsalle ne babba. Ƙara kilomita 4 ko 5 duk mako, wata guda da 'yan kwanaki ka isa. Kuma ka yi ta kafin Maris, don zafin Afrilu a nan yakan haura 40, ba lokacin gwada ƙarfi ba ne. In ka iso ka yi magana a nan, akwai kifi.

Ɗan tsere:
Ni dai ban yarda da inci 26 ba. Mai siririyar taya ya fi gudu nesa ba kusa ba. Da shi awa biyu da rabi ka shiga Argungu.

Mai gyaran keke, Jega:
Gaskiya ne shina gudu, in kwalta na da kyau. To ranar da tirela ta matse shi ya sauka gefen hanya cikin rairayi da tsidau fa? Kuma in tayar ta fashe a ƙauye, wa ke da irinta? Mutumin da bai kai 50 ba tukuna, ba gudu ne damuwarsa ba.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kebbi:
Ƙanena, gora ɗaya a tafiyar awa huɗu ganganci ne. A hunturu gumi na bushewa nan take, sai mutum ya ɗauka bai yi gumi ba, alhali ruwa na fita. Ka riƙe aƙalla lita 2, ka riƙa kurɓa tun kafin ƙishi, ka ƙara a hanya. Gora ɗaya ka haɗa ta da ruwan gishiri da sukari: lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka sa dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu, kada ka jira sai jiri ya kama ka. In ka gyara sirdi gwiwar ba ta daina ba, ko ta kumbura, ka je asibiti a duba. Kuma don Allah hular kwano da riga mai haske. Abin da muke gani ana kawowa daga kan titi ya isa.

Ɗan Aliero:
Ka sayar mini da na Baban, buhun albasa nake son ɗorawa. Irin wannan kariyar yanzu sai an tona.

Dattijon zaure:
Yaro, kada ka saurari ɗan Aliero, ya san abin da ya gani. Lokacin da muke samari, wanda ya mallaki Raleigh ko Phoenix shi ne ango a gari, kuma da su munka riƙa zuwa kasuwannin ƙauye da kaya a baya, mu dawo a yini. Ban ce kada ka sayi mai giya ba, mu ma da mun samu da mun hau. Amma abin da za a ba ka a kan na mahaifinka ba zai kai ko'ina a kuɗin sabon ba, kuma keken gado ne, ka tambayi 'yan'uwanka kafin ka yi masa kuɗi. Sa masa giris, ka bar shi na zuwa aiki da cefane. Wancan ka tara a hankali. Sannan duk inda za ka, ka faɗa a gida, kada magariba ta same ka a hanya.

Ɗan Badariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar gado wallahi ba ta zo mini ba, kuma na san yayata ba za ta yarda ba ma. Na fasa sayarwa. Malam na Jega, na yi gwajin diddigen jiya da dare, sai da na ɗaga sirdin kusan faɗin yatsu uku, ashe duk watannin nan a tsugune nake tuƙi. Yau na je Kalgo na dawo, gwiwar shiru. Anti, na sayi gora ta biyu, hular kuma sai albashi. Saura famfo da kayan faci, ban taɓa cire tib da hannuna ba.

Mai gyaran keke, Jega:
To Asabar mai zuwa kada ka juya a Kalgo, wuto Jega. Taho da keken Baba in cire tayar baya gabanka, kai ka mayar. Akwai wasu na gwanjo guda biyu da anka kawo, ka hau ka ji tsawonsu, ba sai ka saya ba.