Awon tsatsar inoks mai fenti: na safe daban, na azahar daban

Ɗalibar masta: Salamu alaikum malamaina. Inoks (ƙarfen da ba ya saurin tsatsa) samfurin 304 nake aunawa, mai shafin fentin epoksi, a cikin ruwan gishiri giram 35 a lita. Awon EIS (awon turjiyar fenti ga wutar lantarki a mitoci daban-daban) daga 100 kHz zuwa 10 mHz, da 10 mV. Ƙarfe ɗaya, amma sakamakon safe da na azahar ba sa haɗuwa, ɗigon ƙananan mitoci a zanen sakamakon kuma duk a watse. Ina gizo ke saƙar?

Malamin kimiyya: Wa alaikumus salam ƴata. Fara duba zafi. A Maraɗi da bazara rana na wuce digiri 40, shi kuwa zafi yana hanzarta shigar ruwa cikin fenti, ga ruwan tulun awo yana ƙafewa gishiri na ƙaruwa. Ki rufe bakin tulun, ki tsoma shi a ruwa mai digiri 25. Kafin EIS ki bar ƙarfen awa guda har ƙarfin lantarkinsa na hutu ya daina yawo.

Ma'aikacin labo: Gaskiyar Malam, amma watsewar ɗigo wani abu ne daban. Fenti mai kyau turjiyarsa na haura 10⁹ ohm·cm², wutar da ke ratsa shi ƴar mitsitsiya ce, sai hayaniyar 50 Hz ta fanka da firji ta danne ta. A sa tulun cikin kejin Faraday, wato akwatin ƙarfe mai tare hayaniyar lantarki, haɗe da wayar ƙasa. Ko akwatin kwano na maƙera yana yi, in dai murfinsa ya zauna. A ɗaga 10 mV ɗin zuwa 20 ko 50 mV. A kuma leƙa bakin bututun Luggin, siririn bututun da ke haɗa elektorod ɗin ma'auni na Ag/AgCl da ruwan: kumfar iska guda ta isa ta yanke elektorod ɗin daga ruwan.

Injiniya mai aikin fenti: Ƙanwata, in kin kwance ƙarfen ki duba ƙarƙashin zoben roban da ke hana ruwa yoyo tsakanin tulun da ƙarfen. In kin ga da'ira ja kamar sawun kofin shayi a kan tire, ruwa ya maƙale a lungu, iskar oksijin ta ƙare a wurin, kuloraid na gishiri ya ci fatar kuromiyom da ke kare inoks. Sai turjiya ta faɗo 10⁶ a ce fenti ya lalace, alhali gefe ne ke yoyo. Abin na damuna, don fenti mai kyau ake zubarwa a banza.

Malamin kimiyya: Awon folarizeshan, wato ƙara wa ƙarfen ƙarfin lantarki sannu a hankali ana auna wutar da ke ratsa shi, kuma shi ne na ƙarshe, a 0,167 mV a sakan, domin yana huda ƙarfen. Ki maimaita a kan guntaye uku.